Kwalabe Biyu da Carbin Gwaggo

A shekarar da ruwa ya daɗe bai koma cikin kogi ba, ina koyar da ilimin sinadarai a wata makarantar 'yan mata a Haɗeja. Ban jima da gama jami'a ba. Ina jin shekara ɗaya ce da 'yan watanni, ko da yake in aka matsa mini zan ce a bari in duba takarda tukuna. Halina ke nan tun ina ɗaliba. Ba na iya cewa abu kaza haka yake sai na liƙa masa "wataƙila" ko "a iya sanina", kuma amsar da na ba yarinya a aji takan bi ni har gida, ina ta juya ta ko na faɗa daidai.

Hanyata ta zuwa makaranta tana bin gefen jingar da aka yi don tare ruwa. Da safe fadama takan kwanta fal, ba ka gane inda gonar shinkafa ta ƙare da inda kogi ya fara. Furen bado a buɗe, belbelu a tsaitsaye kamar an manta da su a wurin, can nesa wani mutum a kwalekwale yana ratsa tsakanin gajimaren sama da na cikin ruwa. Sau da yawa nakan tsinci kaina a ƙofar makaranta ban san lokacin da na taka rabin hanyar ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, sana'arta turaren wuta. Uwarsu ce ta taho da sana'ar daga wajen Tafkin Chadi, tare da wani kaskon ƙarfe da kwalabe masu murfin gilashi, duk suka dawo hannun Gwaggo. Ina ƙarama nakan zauna a bakin madafinta in yi ta kallo. Takan lulluɓe garwashi da toka har jan ya kusa ɓuya, ta ɗora kasko, ta zuba sukari da ɗan ruwa da lemon tsami. In ya narke ya fara danƙo sai ta juye itatuwan, sandal da hawi da gabgab, waɗanda suka kwana cikin madarar turare, wato man ƙamshin nan mai kauri da ake sayarwa a 'yan kwalabe. Daga nan ba ta kula kowa. Muciya a hannun dama, carbi a hagu, leɓenta na motsi da salati. Zagaye uku na carbi, sai ta sauke. Ban taɓa ganin ta duba agogo ba, kuma an ce uwarta ma haka.

Ruwan wannan shekarar ya shiga unguwarsu har gwiwa. Ya cinye madafinta na ƙasa, itace da gawayi suka jiƙe suka ƙi kamawa. 'Yarta, wadda take taubashiyata kuma take aikin jinya a cikin gari, ta sayo mata tukunyar gas da ɗan tebur don ta huta da tsuguno. Kowa ya sa mata albarka. Ni ma na je taya murna, ni ce ma na nuna wa Gwaggo yadda ake murɗa makunnin.

Wata Alhamis bayan la'asar na leƙa gidan. Na tarar da Gwaggo a kan tabarma da buhu a gabanta, tana naɗe kwalaben uwarta cikin tsumma ɗaya bayan ɗaya tana sawa a ciki. Taubashiyata na gefe tana tsinke zogale.

"Ga Malama Wataƙila nan," in ji ta. "Zo ki gaya mana ko yau Alhamis ce, ko sai kin auna."

"Ke dai ji da allurarki," na ce. Na durƙusa na gaida Gwaggo. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Gwaggo, tafiya za a yi?"

"Kwalaben ne za su yi tafiya. Akwai wata a Kirikasamma da ta daɗe tana roƙona su. Juma'ar sama za a zo a ɗauka."

Na dubi taubashiyata. Ta ajiye zogalen ta ce an dawo wa Gwaggo da turare daga Auyo. Matar da ta saya ba ta yi ƙorafi ba, ta dai aiko da shi a ƙulle yadda aka kai mata, tare da gaisuwa.

"Gara ita," in ji Gwaggo. "Sauran kunya ce ta hana su. Karɓo mini garwashi a maƙwabta, 'yar nan ta ji da hancinta."

Da aka kawo, ta ɗebi ɗan turaren ta yaɗa a kai. Hayaƙin ya miƙe siriri, ya lanƙwasa, ya bazu a tsakar gida. Farkonsa ƙamshin da na sani ne tun ina goye, wanda ke cikin akwatin mahaifiyata da labulen ɗakinta. Amma can a ƙarshe akwai ƙauri, ɗan kaɗan, irin wanda ke tsayawa a maƙogwaro.

"Kin ji?"

"Kamar dai akwai wani abu a bayansa. Ban tabbata ba."

"Kin tabbata. Hancinki irin na ubanki ne, na ga ya motsa."

Ta sa hannu ƙarƙashin tabarma ta fito da 'yan kwalabe biyu na madarar turare. Ɗaya saura ɗan guntu a gindi, wadda ta saya kafin damina. Ɗayar sabuwa ce, daga wurin mutumin da ta saba saye shekara da shekaru, sunan ma ɗaya, sai dai takardar jikin ta canja launi. Ta ce tun da ta koma aiki bayan ruwa da wannan sabuwar take yi, kuma tun daga nan abin ya lalace.

"Ku ba kuna da ɗakin da kuke dafa ruwa a gilashi ba? Kai su can. In madarar ce aka canja, in nemi wata. In ba ita ba ce, to hannuna ne ya tsufa, sai in ajiye. Ba zan tsaya ina ƙona sunan uwata ba."

Na fara yi mata bayani cewa ɗakin gwajinmu ƙarami ne, kuma madarar turare ba abu ɗaya ba ce, haɗi ce ta abubuwa da yawa, saboda haka ko na gwada ba lallai ne in iya faɗin abin da ke ciki ba, iyaka dai in kwatanta su. Ta bar ni har na kai ƙarshe.

"Ni eh ko a'a nake so," ta ce, ta danƙa mini kwalaben.

Ranar Asabar da hantsi na je makaranta. Mai kula da ɗakin gwajin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, har shugabar makaranta. Na roƙe shi tun Juma'a, na same shi ya riga ya buɗe tagogi duka. Ɗakin dogo ne, tagoginsa na kallon fadama, kuma a irin wannan lokaci hasken da ke kan ruwa yakan shigo ya yi ta rawa a silin. In ka daɗe kana kallo sai ka ji kamar a ƙarƙashin ruwan kake zaune.

Abin da na yi niyya mai sauƙi ne. Kowane ruwa yana da zafin da yake tafasa a kai, kuma in abu biyu iri ɗaya ne, ya kamata su fara tafasa tare, su yi halin da ya yi kama. Akwai kuma wani mataki da nake so in gani. Wasu abubuwan in zafi ya yi yawa wargajewa suke yi, launinsu ya juya, su fitar da wani wari da ba nasu ba. In an gauraya sabuwar madarar da wani mai na banza, na sa rai ita za ta riga tsohuwar lalacewa.

Kafin komai na ce sai mun gwada ma'aunin zafin. Muka dafa ruwa, na tsoma shi, zaibar da ke ciki ta hau ta hau ta tsaya a casa'in da tara. Na ciro, na goge, na sake tsomawa. Casa'in da tara.

"Baba, anya ma'aunin nan lafiyarsa ƙalau?"

"Malama, shekara nawa ina dafa ruwa a ɗakin nan, bai taɓa cika ɗari ba. Ba a bakin teku muke ba. Ke da kanki kika gaya wa 'yan aji biyar, ina tsaye a nan."

Gaskiyarsa. Na sani sarai, amma duk da haka sai da na sa ya ɗauko na biyu muka gwada. Shi ma casa'in da tara.

Na fara da sabuwar. Na ɗiga kaɗan a wani bututun gilashi da bai fi ɗan yatsa ba, na kifa wani siririn bututu kamar tsinken tsintsiya a ciki, na ɗaure su a jikin ma'auni, na tsoma a kofin gilashi mai farin mai. Baba ya ɗora kofin a kan farantin yashi, ya kunna wuta a ƙarƙashi. Ya ce ba ya yarda harshen wuta ya taɓa gilashi kai tsaye, yashi ne ke karɓar zafin ya raba shi a hankali. Yashin ma da kansa ya ɗebo shi a bakin kogi, ya tankaɗe.

Muka zauna jira. Da farko babu komai, sai zaiba tana hawa kamar ba ta so. Can sai kumfa ɗaya ta fito daga bakin siririn bututun, ta tashi, ta fashe. Bayan jimawa wata ta biyo. Ta tuna mini da tarwaɗa a ruwa mai laka, wadda ba ka ganin ta sai dai numfashinta. Kumfar ta ƙaru har ta zama zare, ina rubuta lambobi, ƙamshi kuwa ya cika ɗakin. Ban san lokacin da na daina ganin teburan ba. Na ga ɗakin kakarmu, wadda da ƙyar nake tuna fuskarta, da gadon ƙarfenta da tasoshi jere a bango, tana magana da Gwaggo da Barbarci don kada mu ji. Hasken ruwa na ta kai da kawowa a silin. Wani wuri a fadama ana kaɗa gwangwani ana korar tsuntsaye daga shinkafa, sautin na zuwa yana ɓacewa.

"Malama, duba launin," in ji Baba.

Madarar ta tashi daga launin zuma ta koma na shayi. Zaiba ta ɗan wuce ɗari da tamanin. Cikin ƙanƙanin lokaci ta yi duhu, wani hayaƙi ya fito daga bakin bututun, ƙamshin ya juya. Ƙaurin nan ne na tsakar gidan Gwaggo, ba ni da shakka, na ji shi a maƙogwarona. Ban taɓa jin daɗin wari irin na ranar ba. Har na fara shirya yadda zan shiga gidan in ce, Gwaggo, kwance buhunki, madarar ce.

"Saura tsohuwar," in ji Baba, yana wanke wani bututun.

Muka bari man ya huce, muka sake daga farko. Kumfar farko ta fito kusan a inda ta sabuwar ta fito. Zaren kumfa ya ƙullu a wuri ɗaya. Na yi ta addu'a a zuci ta wuce ɗari da tamanin lafiya. Ba ta wuce ba. Ta koma launin shayi, ta yi duhu, ta yi ƙauri, daidai da 'yar'uwarta.

Na ce wataƙila bututun bai wanku ba. Muka sake. Na ce wataƙila na yi saurin ba da wuta. Muka sake, har guntun da ke tsohuwar kwalbar ya kusa ƙarewa. Lambobin na bambanta da digiri ɗaya ko biyu, irin bambancin da ido da hannu ke kawowa.

"To, Malama, me za a rubuta?"

"A iya abin da muka gani, ba su da bambanci."

"Ba haka kika so ba."

"A'a."

Ya kashe wutar, ya juye yashin a gwangwaninsa.

Kwana uku ban bi ta unguwar Gwaggo ba. Ina ta saƙawa da kwancewa. Zan iya ce mata ina zargin sabuwar madarar, kuma in lallaɓa maganar yadda ba za ta zama ƙarya tsagwaro ba, tun da ɗakinmu ƙarami ne, akwai abubuwan da ba za mu iya gani ba. Na iya irin wannan maganar, ita ce ma wadda na fi iyawa. Amma za ta je ta sayo wata, in ita ma ta yi ƙauri fa? Ga kuma bawan Allahn nan mai sayar da madarar, da zan ɗora masa laifin da ban gani ba. In kuwa na faɗi abin da na gani, ranar Juma'a kwalaben kakarmu za su tafi Kirikasamma a bayan babur. Nakan tsaya a kan jinga in yi ta kallon ruwa, ya fara ja baya, yana barin baƙin layi a jikin itatuwa.

Ranar Talata ina da darasi da 'yan aji huɗu a kan abin da zafi ke yi wa abubuwa. Na sa sukari a bututu na kara a wuta don su gani da idonsu cewa shi ba ya tafasa ya tashi kamar ruwa. Ya narke, ya yi ruwan ɗorawa, ya yi ja, ya yi baƙi. 'Yan matan suka toshe hanci suna dariya. Ni kuwa na tsaya da bututun a hannu ina kallon shuɗiyar wutar da ke ƙarƙashinsa. Ba zan ce na gano wani abu ba, domin abin yana gabana tun Asabar. Madarar ba ta yi ƙauri ba sai da zafi ya kai wani mataki, sukari ma haka. Tsohuwar madarar ta yi shekaru a hannun Gwaggo ba ta taɓa yi ba. Ke nan kaskonta yanzu yana kaiwa inda da ba ya kaiwa. Kuma ni ce na koya mata murɗa makunnin.

Ranar Laraba na sa hannu a littafin Baba na ari ma'auni, na naɗe shi a ɗankwali biyu, na riƙe shi a ƙirji har gidan kamar jariri. Buhun na jingine a bakin ƙofar ɗakin Gwaggo, an cika shi, saura ɗauri.

"Eh ko a'a?" ta ce tun kafin in gama gaisuwa.

"Madarar ba ta da laifi, Gwaggo. Ɗaya suke."

Ta dubi tafin hannunta, ta juya bayansa.

"Alhamdu lillahi. Ke, miƙo mini igiya."

"Amma ban gama ba. Ina so ki yi sau ɗaya a gabana, ko ɗan kaɗan ne."

"Don ki ga me? Tsufa?"

"Inna, yi mata," in ji taubashiyata daga bakin rijiya. "In ba haka ba, shekara goma za ta yi tana zuwa tana cewa da an gwada. Kin san ta, ko aljanna aka buɗe mata sai ta tambaya ko an tabbatar."

"Ke kuma ko tambaya ba za ki yi ba, sai ki faɗa ɗakin wani," na ce.

Gwaggo ta yi ɗan murmushi ba da son ranta ba. Kaskon na can ƙasan buhu, sai da aka fito da kwalaben duka. Akwai ragowar itatuwan da ta jiƙa ba ta soya ba. Ta kunna gas, ta rage shi, ta sunkuya ta leƙa, sannan ta ɗan ƙara.

"Me ya sa kika ƙara, Gwaggo?"

"Wutar nan ai ba ta da jini. Dube ta, shuɗiya, ko ja babu. In ban ƙara ba sai in ga kamar ba ta yin komai."

Sukari ya narke, ta juye itatuwan, ta ɗauki muciya da carbi. Na sa kan ma'aunin a gefen kaskon inda muciyarta ba za ta buge shi ba. Ta lumshe ido, leɓe ya fara motsi. Rana ta yi sanyi, inuwar darbejiya ta rufe rabin tsakar gidan, kuma in ban da teburin da tukunyar gas sai in ce ina da shekara bakwai. Zagaye na farko ya ƙare, zaiba na ƙasa da layin ɗari da tamanin da na sa wa alama a takardata. Na ji sanyi a raina, na kuma ji tsoro, domin in ba wutar ba ce ba ni da sauran abin faɗa. Aka shiga na biyu. Zaiba ta ci gaba da hawa ba ta tsaya ba. Wajen tsakiyar zagayen ta haye layin.

Ya kamata in yi magana a nan. Ban taɓa ganin wanda ya katse Gwaggo tana salati ba, mahaifina ma tsayawa yake sai ta idar. Itatuwan baƙaƙe ne, ba a ganin launin sukarin a jikinsu, idonta kuma a rufe. Na tsaya ina rubuta lambobi ina jin abin yana ƙonewa a gabana, har ta kai ƙwayar ƙarshe ta zagaye na uku ta sauke.

Ta kai hancinta kusa, ta ture kaskon gefe.

"Kin gani."

"Na gani." Na nuna mata takardar, ko da yake lambobin boko ba su dame ta ba. Na ce ga inda madara da sukari ke fara lalacewa, ga inda kaskonta ya kai. Na ce a tsakiyar zagaye na biyu ya wuce. Na ce ban taɓa auna garwashin da aka rufe da toka ba, saboda haka ba zan rantse ba, amma ina kyautata zaton shi a zagaye uku ba ya kaiwa nan.

Taubashiyata ta ajiye gugar da ke hannunta.

"Wato gas ɗina ne."

Ban taɓa jin muryarta babu tsokana ba sai ranar, kuma ban ji daɗin hakan ba.

"To ki riƙa saukewa a zagaye ɗaya da rabi mana, Inna," ta ce a hankali.

"In rage salati saboda wuta?" Gwaggo ta dube ta. "Uku uwata ta ce. Kuma ba zan koma tsuguno ba, gwiwata ta riga ta ɗanɗana tebur. 'Yata ta saya mini abu, ba zan jingine shi a bango mutane su gani ba."

Ta miƙa hannu za ta fara mayar da kwalaben cikin buhu. A nan farantin Baba ya faɗo mini. Na ce a ba ni zuwa gobe. Na ce akwai abin da muke yi a makaranta, mai yiwuwa ya yi, mai yiwuwa kuma kada ya yi.

Ni da taubashiyata muka ɗauki bokiti muka nufi bakin kogi kafin magariba. Inda ruwa ya janye ya bar yashi mai laushi, fari, da sawun tsuntsaye a kai. Masunta na jawo kwalekwale gaɓa, hayaƙin banda na tashi daga bukkoki can gaba, sama da ruwa sun zama launi ɗaya. Muka tsuguna muna ɗiba da hannu.

"In bai yi ba," in ji taubashiyata, "ke za ki kai buhun Kirikasamma. A ka."

"In ya yi fa?"

"In ya yi, na ce yashin ni na ɗebo."

Muka shanya shi, washegari rana ta busar, na tankaɗe da rariyar Gwaggo. Alhamis bayan la'asar muka zuba shi a wani tsohon faranti, muka ɗora a kan gas, muka nutsa gindin kaskon a ciki. Na farko na cika yashin da yawa, don tsoro. Zagaye uku suka ƙare sukarin bai kama itatuwan ba, ya fito a jiƙe yana naso. Gwaggo ta kalli buhun. Na kwashe rabin yashin. Taubashiyata ta karɓi cokalin da nake kwasa da shi ta daidaita sauran.

Aka sake. Muciya, carbi, leɓe na motsi. Zaiba ta hau a hankali kamar yadda take yi a ɗakin Baba. A zagaye na biyu ta rage gudu. A na uku ta kusa tsayawa, da sauran tazara tsakaninta da layina. Ban ɗauke ido daga kanta ba har na ji ƙarar kaskon a kan tebur.

Sai da ya huce aka karɓo garwashi. Gwaggo ta ɗiba da yatsu uku ta yaɗa. Ta sa fuskarta cikin hayaƙin, ta rufe ido, ta jira farkonsa ya wuce, ta jira tsakiyarsa. Ta daɗe tana jiran ƙarshen. Ni ma ina jira da maƙogwarona. Hayaƙin ya sirance ya ƙare, babu abin da ya tsaya.

Ta sake ɗiba ta yaɗa, ta sake jira. Sannan ta buɗe ido.

"To, Malama. Madarar ce ko hannuna?"

"Wutar ce, Gwaggo."

"Yau babu wataƙila?" in ji taubashiyata.

Na yi tunani. Sau ɗaya kawai muka gwada ya yi, kuma a ƙa'ida ya kamata a maimaita aƙalla sau uku.

"Babu," na ce. "Amma dai a sake gobe."

Gwaggo ta jawo buhun ta zazzage tsummokaran, ta fara jera kwalaben uwarta a kan tebur kusa da tukunyar gas, tana goge kowace da bakin zane. Ta ce wa 'yarta ta kira matar Kirikasamma ta ba ta haƙuri, kuma a nemi wanda zai je Auyo ran kasuwa, akwai saƙo. Ni kuwa ta ce in bar mata sandar gilashin nan. Na ce ba tawa ba ce, na sa hannu a kanta, dole in mayar. Ta ce to ba komai, tana da carbi.

Ranar Juma'a da safe na bi jinga da ma'aunin a naɗe a ƙirjina. Ruwa ya ƙara ja, kan shinkafa ya fito yana sheƙi. Da na miƙa wa Baba, ya warware ɗankwalin, ya ɗaga ma'aunin a haske ya duba ko ya tsage, sannan ya shinshina ƙyallen.

"Wannan kuma a wane aji aka yi shi?" ya ce.

Na ce masa zan kawo masa ƙulli ɗaya na turaren ya kai wa iyali, in an maimaita ya sake fitowa daidai.